Kada a Rufe Mini Tsakar Gida

Zuwa ga ƙanena Alhaji Tanimu, Sabon Gari, Maraɗi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Tasalla da yara. Yaya albasar Jiratawa bana?

Na samu labarin kana shirin rufe tsakar gidana da kwano don ajiyar hatsi. Na gode da kulawa, amma ban yarda ba.

Ina lafiya a nan Tuluz, ƙasar Turawa. Sanyi yana taɓa gwiwoyina kaɗan, kuma ban karɓi sandar da likita ya miƙo ba. Damuwata ɗaya ce: fitilu da gizagizai sun ɓoye taurari, ko Kaza da 'Ya'yanta ban gani ba tun zuwana.

Jikata Malika, mai karatun taurari, ta nuna mini hoton da madubin hangen nesa na James Webb ya ɗauko daga sararin samaniya. Ta ce, "Kaka, ɗaga ƙwayar yashi a tsawon hannunki. Abin da ta rufe na sama, shi ne wannan." Tanimu, dubban garken taurari ne a ciki! Hasken wasunsu ya fi shekara miliyar goma sha uku yana tafe. Ni da na tsufa ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, na nemi kujera na zauna, bakina sai Subhanallah.

In wurin ƙwayar yashi ya ɗauki wannan, lissafa abin da kwanonka zai rufe mini. Ka kai buhunanka Tibiri. Bayan Sallah ina tafe, a shimfiɗa mini tabarma a fili.

Allah ya yi maka albarka.

Yayarka,
Malama Fasuma