Lanho Ba Ya Riƙon Tsoho

Assalamu alaikum, ƙanena Mamman. Ina gaishe ka da gajiyar nesa. Ya jikinka, ya Rabi da yara, ya kasuwar Abijan? Mu nan Filinge sai godiyar Allah.

Kawu Sanda ya dawo daga Lome, rabin jikinshi ya shanye. Tun muna yara yake ɗinki can, bai taɓa gudun masu karɓar lanho, wato haraji, ba, har yana cewa ajiyar tsufa yake yi, kamar tsofaffin sojan garinmu da ake biya kuɗin ritaya. Ya dage na raka shi Yamai, inda ake biyan masu ritaya. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, lanho na hukuma ne. Mai aikin kanshi, in bai zuba wa asusun tsufa daban ba, ba shi da komi." Muka juyo gida ta Baleyara hannu wofi. Jiya aka kai keken ɗinkinshi kasuwa don magani.

Ban so tada maka hankali ba, amma kai ma kanka kake yi wa aiki. Don Allah ka tambayi yadda ake zuba wa asusun tsufa tun kana da ƙarfi.

Ka gaida Kurfayawa, mutanen ƙasarmu da ke wajenku. Ku sa Kawu cikin addu'a, yanzu a kwance yake salla.

Yayarka,
Hadiza