Na Kife Randar Mahaifiyarki

Zuwa ga ɗiyata, wadda ta ci sunan mahaifiyata, shi ya sa ban taɓa kiranta da komai ba sai Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da abokan aikinki na can Dakar. In kin tambayi tawa lafiya, alhamdu lillahi, jiki dai na tsufa ne. Gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi, ido rabi da rabi. Yamai kuwa tana nan yadda kika bar ta, ga zafi ga ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki.

Na zaɓi in rubuta a shafin nan da kika buɗe mini, domin a waya ba na iya kai magana ƙarshe. Da kin ce ya jiki, sai in ce da sauƙi, sai kuma a kira ki wurin aiki. Masu karantawa su yi haƙuri, zancen gida ne.

Uwata, na kife randar mahaifiyarki.

Kin san tarihinta, amma bari in maimaita, tsoho ba shi da wata dukiya sai maimaici. Shekarar da muka baro Damagaram na kama aiki a biro, wato ofis, a unguwar Plateau, muka sami gidan nan na Kalley, ita ce ta sa aka binne gindin randa cikin yashi a ƙofar gida, ƙarƙashin dogon yaro, da murfi da moɗa a kai, duk mai wucewa ya sha. Takan ce, "Malam, ba mu da gona a garin nan, ga gonarmu ta lahira." Da ciwonta ya yi nauyi ba ta yi mini wasiyyar zinariya ko tufafi ba. Cewa ta yi, kome za a bari, kada a bar randar nan ta bushe.

A bakin randar nan kika fara aikinki, ko kin manta. Kina lakkwal ta firamare, kika kwaso 'yan tsutsotsin da ke wutsil-wutsil a ciki, kika zuba a kwalba, kika rufe da tsohon ɗankwalinta. Bayan 'yan kwanaki kika shigo da gudu, wai sun zama sauro. Mahaifiyarki ta riƙe haɓa ta ce, "'Ya'yan mutane suna kiwon kaji, tawa sauro take kiwo."

Daga nan ba ki waiwaya ba. Kika ƙetare gada zuwa jami'a, kika ƙetare teku, kika dawo. Mutane suna tambayata ke likitar mece ce, ina cewa ta sauro. Alzuma tela, mai shagon da ke kallon gidanmu, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To Alhaji, in sauro ya kwana da zazzaɓi, nan gidan za a kawo shi?" Ni kaina sai da kika zaunar da ni na gane. Ashe ba zazzaɓin cizon sauro da muka saba da shi kike bi ba. Wasu cututtuka ne daban da sauro da danginsa suke ɗauka, irin su shawara, da dengi, da wadda ke sa tumaki ɓari har ta kama makiyayi.

Ina tuna damunan da kika yi kina jigila zuwa Tondibia, kina kafa tarko a bakin tafkuna, ki dawo da laka har gwiwa, hannuwa duk kumburi. Ina tuna shekarar da dabbobi suka yi ta ɓari a arewacin Tawa, kika yi watanni a rugage kina ɗibar jini, kika dawo kin rame kin yi baƙi, mahaifiyarki ta ce ba wannan ɗiyar ta ba su aro ba.

Akwai kuma ranar da kuran ya ɗauke, injin wurin aikinku ya ƙi tashi, abin da kuka tara damina guda a cikin sanyi ya lalace. Kika zauna a tsakar gida kan turmi, ba ki ci ba, ba ki yi kuka ba. Da damina ta zagayo kika sake daga farko.

Ni da na yi rayuwata a biro, na san aiki yana ƙarewa: a sa hannu, a buga hatimi, a rufe. Shi ya sa na tambaye ki yaushe naki zai ƙare. Kika ce, "Baba, sauro ya riga mu zuwa duniya." Daga baya aikin ya ɗauke ki zuwa inda na'urori suke. Ban hana ba.

Zuwanki na ƙarshe, kafin ki shigo gida sai da kika leƙa randar. Kika yi mini bayanin wani sauro baƙi mai zanen fari a ƙafafu, mai cizo da rana tsaka, wanda ba ya son kwata, ruwa mai tsabta yake so. Yana manna ƙwansa a jikin randa daga ciki, ko ruwa ya ƙare ƙwan ba ya mutuwa, jira yake. Kika ce sai a riƙa dirje ta da soso kowane mako, a kuma riƙa rufewa. In ba za a iya ba, gara a kife ta. Kina kallon ƙasa kika faɗi wannan. Na ce zan iya.

Na kuwa iya, har zuwa daminar bana da baya ya ƙi lanƙwasuwa. Ɗan ga-ruwan da ke cika ta ɗauraya kawai yake yi, gidaje da yawa suna jiransa. Masu sha kuma, wani ya rufe, wani ya bar murfi a ƙasa. Alzuma ya ɗauki alkawarin wankewa, ya yi na 'yan makonni, ɗinki ya yi masa yawa. Ban ga laifinsa ba.

Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne abin da randar ta zame mini. Tun rasuwar mahaifiyarki ɗakunan gidan nan a rufe suke. Da hantsi nakan ja kujera in zauna kusa da ita. Wanda duk ya sha ruwanka, dole ya gaishe ka. Direbobin taksi, 'yan dako daga babbar kasuwa, mata masu talla, wani ya ce sannu Baba, wani ya ce fofo da Zabarmanci, wani ya tsaya ya ba ni labarin garinsu. Alzuma yakan ɗago daga kan keke ya ce, "Alhaji, daga biron Plateau sai gadin randa, lallai an yi maka ƙarin girma." In ce masa ya kula da allura kada ya ɗinke yatsa. Da haka yini yake wucewa.

Kwanan baya shagonsa ya wayi gari a rufe. Zazzaɓi ne mai zafi, ƙasusuwa kamar ana karya su, ciwo a bayan ido. Aka gwada na cizon sauro ba a gani ba, daga baya likita ya ce dengi ne. Matarsa ma ta kwanta. Allah ya tashi kafaɗunsu, amma da na je dubiya, mutumin da bakinsa ba ya shiru, hannu kawai ya ɗaga mini.

Da na dawo na buɗe randar, na jira ruwan ya natsu. Suna nan, Uwata, suna wutsil-wutsil.

Ban sani ba ko daga nan ne. Akwai tsofaffin tayoyi a bakin gareji, akwai gwangwanaye a kowane lungu. Na san za ki ce ba a yanke hukunci sai an gwada. Amma ni ba ni da wurin gwaji, maƙwabci nake da shi. Na tambayi liman, ya ce kawar da cuta daga hanyar mutane ma sadaka ce. Gaskiya ya faɗa. Sai dai shi gidansa cike yake da jikoki.

Na kira 'yan dako biyu suka tone ta, suka dirje ta, suka kife ta a ƙofar ɗakin mahaifiyarki. Ramin yana nan a cikin yashi.

Har yanzu ina fitar da kujera. Kwanakin farko mutane suna zuwa, su dubi ramin, su ce sannu, su wuce. Yanzu ruwan leda suke saye, suna bi ta ɗaya gefen titi. Jiya wani mai kaya a ka ya tsaya ya ce, Baba, babu ruwa? Na ce ya jira. Na dogara sanda na shiga ciki, na ɗebo masa mai sanyi. Kafin in fito ya tafi. Na daɗe tsaye da moɗa a hannu, daga baya na shanye, ba don ina jin ƙishi ba.

Ba ƙorafi na kawo ba, ba kuma cewa nake ki baro aikinki ba. Na ga furfura a hotonki na ƙarshe, na kuma ji a muryarki ke ma kin gaji. Kin taɓa ce mini abin da ya fi ci miki rai shi ne ku yi shekaru kuna bincike, ku rubuta, a ajiye, ba mai aiki da shi. To duk ranar da wannan tunani ya taso miki, ki ce akwai tsoho ɗaya a Kalley da ya yi aiki da shi.

Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya yafe mini saɓa wasiyyarta, kada ya yanke mata ladan ruwan da ta shayar. Allah ya ƙara wa Alzuma da iyalinsa lafiya. Ke kuma Allah ya tsare ki daga abin da kike bi, ya ba ki ganin amfanin wahalarki da idonki, ya yi miki albarka.

Yatsa ya gaji, a nan zan tsaya. Ki shafa mini kan yara.

Mahaifinki,
daga Kalley, Yamai.