Ranar Da Aka Ɗauki Gidanmu a Kafaɗa

Zuwa ga maigidana Efren,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya zafin Dammam, ya ciwon bayan nan naka? Mu lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Tun da iskar damina ta juyo, teku ya ci layi biyu na itatuwan kwakwarmu. Jiya kumfar teku ta taɓa ƙafafun katakon da gidanmu ke tsaye a kai. Na je wurin Mang Berting, mai tara maza in za a ɗauki gida. Ya ce ran Asabar za su zura gora ta ƙarƙashi, su kai shi tudu, gefen gonar shinkafa. Sai ya tambayi tulu nawa na lambanog, giyar kwakwar nan, zan ajiye musu. Na ce kaza da wainar shinkafa da kofi zan yi, giyar kwakwa kam ba zan saya ba, ba zan aika a sayo ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Aling Noraisa, ƙarti talatin a kan kofi? Ai da baya-baya gidan zai tafi, ya faɗa ruwa!"

Na kasa zama wuri ɗaya. Na ɗaure kaya, na kwance, na sake ɗaurewa. Ko na yi tsauri ne?

Taka,
Noraisa

Maigida,

Sallama da fatan alheri. Allah ya sa bayan ya yi sauƙi.

Maza sha ɗaya suka zo. Suka ɗaga, gida ya karkace, suka sauke. Sauran suna zaune a inuwar kwalekwale suna kallo. Sai Aling Pacing mai shanya kifi ta ajiye faifanta. "Berting, ashe ƙarfin naku a kwalba yake? Matsa can, tsoho!" Ta sa kafaɗa. Mata tara suka bi ta, ni ma na shiga. Ba mu yi taku ashirin ba kunya ta taso da na inuwa. Kafin azahar gida na tudu.

Ga abin da ya dame ni. Wajen tsallaka magudanar gona gwiwar Pacing ta lanƙwashe, gora ta yi ƙara, zuciyata ta ce da na sani na sayo giyar. Har sau uku ta faɗa. Ina ta istigfari. Ka tambayar mini malaminku ko na yi laifi, kada ka faɗi sunana.

Pacing na ɗingishi har yau, ta hana ni ba ta haƙuri.

Ran Talata ruwa ya kwashe inda gadonmu yake a da.

Matarka,
Noraisa