Ni na kashe gargaɗin, wata ake tuhuma

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kar ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe.

A Dogon Dutsi nake aiki, a wani ƙaramin kamfani mai haɗa na'urar tsaron firigon allurar rigakafi, wato firijin ajiyarta, a likitocin ƙauye, ƙananan asibitocin nan. In sanyi ya ragu sai ta yi ƙara, ta aika saƙo a waya. Ni na rubuta shirin da ke karanta zafin, a can cikin zuciyar Linux, tsarin da ke tafiyar da na'urar, wurin da muke ce ma kernel. A nan wurin ajiyar wucin gadi, wato stack, ɗan mitsitsi ne, kilo-okte takwas kacal a na'urarmu (ma'aunin girman ajiya ke nan), kuma in ya cika ba ya tsayawa, sai ya malala ya ɓata abin da ke kusa da shi. Na san haka sarai. Amma don gaggawa na ware kilo huɗu a kansa cikin aiki guda, maimakon in roƙi wurin daga babbar ma'ajiya. Ordinatar, wato kwamfutar da nake aiki da ita, ta yi mini gargaɗi cewa ya yi yawa. Maigidana ya leƙo ya ce, "Wannan rubutun fa?" Na ce, "Ba komi ba ne, ranka shi daɗe." Yana juya baya na kashe gargaɗin.

Watan jiya, a wani ƙauye bayan Matankari, firigo ya lalace, na'urar kuma ta sandare, ko ƙara ba ta yi ba. Ba wanda ya san kwana nawa allurar ta yi cikin zafi, kuma an yi ma yara ita. Anka ɗora laifin kan majo ɗin likitar, wato ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da wurin, wata mata sa'ar yayata, wai ita ke cire na'urar tana cajin waya. Ni anka aika in ɗauko na'urar. Matar ta raka ni har bakin moto ta ce, "Ƙanena, kai ka san abin nan. Duba da kyau, wallahi ban taɓa ta ba." Na ce to, ban iya kallon idonta ba.

Na duba. Stack ɗin ne ya cika, daidai wurin da na rubuta. Yaran nan fa, rigakafin ya kama su ko bai kama ba? In ƙyanda ta shigo garin, wa ya jawo? Kuma irin na'urar tana nan a ƙauyukan Tibiri da Dumega da shirina a ciki.

Na gyara shirin a ɓoye, amma ba ya shiga na'urorin sai maigida ya sa hannu, kuma zai tambayi dalili. In na faɗi, kora ce, wataƙila har jandarma. In na yi shiru, ranar Litinin za a dakatar da majo ɗin, rahotona kawai ake jira.

Me zan yi?