Teburin da Ke Bayan Murhunka

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima, kabarinka a yalwace. Mu nan lafiya lau muke. Inna tana Zakka, gwiwa ce kawai ke taɓa ta, bakin kuwa yana nan yadda ka bar shi. Jikokinka sun girma, geron bana ya yi kyau, rumfar balangunka ta kasuwar Batsari kuma ban bari ta rufe ba ko sau ɗaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne murhunka ya gaji, Baba. Gindin duron ya cinye. Ranar wata kasuwa ina tsaka da juya nama garwashi ya zubo mini a ƙafa, na yi rawar da ban taɓa yi ba ko a bikina. Na kai shi wurin Sani mai walda, wanda ya sha yi masa faci, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce, "Lawal, wannan ba sauran ƙarfen da zan ɗora wa wuta. Tsatsa ce kawai ke riƙe da juna."

Ka san murhun nan fiye da ni, amma bari in faɗa don masu karantawa. Rabin duro ne a kwance kan gajerun ƙafafu, da waya a sama. A dama akwai teburin katako inda kake yanka. A baya kuma, ta hagu, akwai wani ɗan teburi da bai wuce gwiwa ba, yana kallon siririn lungun da ya ratsa tsakanin rumfarmu da katangar masu hatsi. Kullum idan naman farko ya gasu, sai ka yanka ƙunshi uku ko huɗu, ka barbaɗa yaji, ka naɗe a takarda, ka ajiye a can. Kafin a tashi kasuwa babu su. Da na fara tsayawa tare da kai na tambaye ka na waye, ka ce, "Na masu wucewa ne. Juya namanka." Daga nan ban ƙara tambaya ba. Bayan rasuwarka na ci gaba da ajiyewa kamar yadda na ga kana yi.

A shagon Sani na iske murhu iri biyu. Akwai irin naka, na da, an jingine su a gefe ba mai kula su. Akwai kuma sabon yayi. Baba, da ka gan shi! Dogo ne har ƙugu, da marfi, da bututun hayaƙi, da tayoyi, da aljihun da toka ke zuba ciki. Hagu da dama tebura ne na farin ƙarfe masu ƙyalli, ana naɗe su idan an tashi. Kai ka san ɗanka da son abu mai walƙiya, tun ranar da na sayo takalmin nan mai madubi ka ce kada in biyo ka masallaci da shi. Ban ɓoye maka ba, har hoto na ɗauka kusa da murhun. Sani ya ce in je in gwada shi kasuwa biyu, in ya yi mini mu yi magana.

Gaskiya ba zan ci amanarsa ba, murhu ne na kirki. Gawayin da ke ƙarewa kafin la'asar ya kai ni har tashi. Bayana ya huta da duƙawa. Hayaƙi ya daina shigar mini ido, uwar yarana ta ce karon farko ke nan da ta wanke rigata ruwan bai koma baƙi ba. Ma'aikatan sakatariya da ba su taɓa tsayawa ba suka fara faka babur suna yaba tsabta. Na ji daɗi sosai, kaina har ya ɗan kumbura.

Ƙunshinka ban manta da shi ba. Na jera guda huɗu a kan teburin hagu, sama, fili, rana na haska su. Aka tashi kasuwa suna nan yadda na ajiye. Na ce ƙila ba a lura ba ne. Kasuwa ta biyu na ƙara musu nama, na tura su bakin teburi.

A ranar ne na yi wautar da ta sa nake rubuto maka. Akwai wani dattijo mai farin gemu da na daɗe ina gani yana bi ta lungun. Cikin mutanen da suka baro ƙauyukansu suka dawo gari yake, waɗanda a da suke da rumbuna da shanu. Rigarsa ta tsufa amma kullum a wanke. Ya zo ya rage tafiya, ya dubi inda ɗan teburinka yake a da, ya ga wayam. Ni kuwa sai na ɗauki ƙunshi ɗaya na miƙa masa ta kan mutane, da murya har da fara'ata, na ce, "Baba, ga wannan!" Mutum biyar ne a gabana, duk suka waiwaya. Ya yi murmushi ya ce, "Allah Shi yi albarka, ɗana. Yanzun nan na ci, na ƙoshi." Leɓensa a bushe suke. Ya wuce, bai ƙara biyowa ta wurin ba.

Ka ga hankalin ɗanka: na kwashi ƙunshin na kai gida ina cewa a raina ashe yunwa ta yi sauƙi a Batsari.

Ranar Juma'a na hau babur na je Zakka gaida Inna. Na ba ta labarin ina dariya, wai mutanen yanzu ko kyauta ba su so. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye tsintar waken da take yi, ta kalle ni irin kallon da ka sani, ta ce, "Kai dai ba ka taɓa jin yunwa gaban mutane ba, shi ya sa. Mi ka ɗauka ubanka na yi da ya sa teburin nan ƙasa, a baya? Rashin wuri?"

Daga nan ta faɗa mini abin da ba ka taɓa faɗa mini ba. Wai shekarar da fari ya cinye gonarku, ban ko zo duniya ba, ka je kasuwar Safana neman aikin dako ba ka samu ba, ga wuni biyu ba ka sa komai a baki ba. Wani mai nama ya gane, ya ƙwala maka kira cikin jama'a ya ba ka. Da zuciya ɗaya ya yi, kuma ka ci. Amma ka dawo gida ka ce mata naman ya tsaya maka a wuya, kuma ka shekara ba ka bi ta layin ba. Ta ce da ka samu rumfarka, kai da kanka ka tsaya kan mai walda, ka auna masa tsayin teburin da gwiwarka. Ka ce a yi shi daidai yadda mutum zai sunkuya kamar yana gyara takalmi, ya miƙe ya wuce, duron ya kare shi daga idon masu saye.

Baba, shekara nawa ina tsaye kusa da kai, ina ɗauka ba ka waiwaya ne don nama kada ya ƙone. A gaban Inna na yi hawaye, ban ji kunya ba. Ita kuwa ta tura mini kwanon fura ta ce in sha in daina ɓata mata wake.

Washegari na tura sabon murhun na maida wa Sani. Na fara tambayarsa ko zai iya liƙa masa ƙaramin teburi a baya. Muka tsuguna muka duba tare. Ba ya yiwuwa, ƙafafunsa dogaye ne, ƙarƙashinsa fili, wanda ke tsaye a gaba yana hango duk abin da ke baya. Na ce to ya yi mini irin na da. Ya riƙe baki ya ce, "Kowa na gaba kai kana komawa baya? To wannan ɗan guntun teburi na mene ne, ajiyar takalmi?" Na gaya masa. Ya saukar da baƙin gilashinsa ya kama aiki. Da na zo ɗauka na iske ya ƙara wa teburin 'yar katanga ta langa-langa ta ɓangaren titi, ban ce ya yi ba. Katakon naka na asali muka ɗora, da duk tabon man da ke jikinsa. Abu ɗaya na ara daga sabon yayi, aljihun tokar nan, don ƙafata ta gaji da garwashi. Na san da za ka ce ragwanci ne, ka yi haƙuri.

Yanzu na koma duƙawa, hayaƙi ya dawo idona, wasu cikin 'yan sakatariya sun koma wani wuri. Raina kuwa a kwance yake. Kasuwar farko na ajiye huɗu, na kafe idona kan wayar murhu har wuyana ya sage don ƙin waiwaye. Da na zo kwashe kaya saura ɗaya. Kasuwa ta biyu babu ko ɗaya. Amma dattijon nan ban gan shi ba, kuma shi ne ya tsaya mini a rai. Kullum ina tunanin na kore shi daga wurin da ka tanadar masa.

Jiya bayan la'asar, kasuwa ta fara sakin jiki, na hango farin gemunsa. Ta gaba ya biyo, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Sannu da aiki, ɗan Malam Isiyaku." Na amsa da ladabi, muka gaisa kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Sai na ga ya karkata ya nufi lungun. Na juya masa baya, Baba. Na ɗauki mafici na dinga fifita wutar da take ci da kyau ba ta buƙatar fifita, har sai da na daina jin takunsa.

Ya Allah Ka gafarta wa mahaifina. Yadda ya rufa asirin bayinKa, Ka rufa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Ka haskaka makwancinsa, Ka shayar da shi daga tafkin Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mu da muka rage Ka ƙara mana hankali, Ka haɗa mu da shi a Aljanna. Amin.

Ɗanka mai kewarka kullum,
Lawal, daga rumfarka ta Batsari