Kada a Ƙara Huda Katunana

Zuwa ga Babban Jami'i mai binciken kayan da ake aikawa waje, Tamale.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na zo ofishinka an ce ba ka ganin kowa a kan wannan magana, shi ya sa na rubuto a fili.

Ni ne mai akwatin katunan kwamfuta masu huji da aka tsare. Bana na gama digirin lissafi a kudu. Wata jami'a a ƙasar waje za ta ɗauke ni karatun digirin dakta idan katunan nan suka yi aiki a kwamfutarsu kafin a buɗe makaranta. Na kawo a aika, aka riƙe.

Na ɗaya. Ba saƙon asiri ba ne. Hujin da ke jikin kati shi ne rubutun da na'urar take karantawa. Abin da na rubuta tsari ne na raba wa ayyuka lokaci a cikinta: wanne zai shiga, wanne zai jira. Babu sunan kowa, babu siyasa.

Na biyu. Akawunka ya nuna mini akwatin ta taga. An huda gefen katunan da ke sama an zura zare, yadda ake yi wa kowace takarda mai shiga fayil. Ban ce mugunta ba ce. Amma na'ura ba ta bambanta hujin ofis da nawa. Waɗannan sun lalace ke nan. Ba ni da wasu, kuma injin da ya huda su yana kudu, izinina na amfani da shi ya ƙare. Akawun ya ce za a ƙarasa huda sauran idan an samu zare.

Na uku. Tun da aka zo gidanmu a unguwar Sakasaka ana tambayoyi, mutane sun daina zama a rumfar mahaifina. Ya tambaye ni ko na sa hannu a wani abu. Na rantse masa ban sa ba.

Ina roƙo kada a ƙara huda ko ɗaya, kada a hargitsa jerinsu, a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda laima. A kira ni in karanta su ɗaya bayan ɗaya a gaban duk wanda ka zaɓa. In ba za a sake su ba, a ajiye su yadda suke.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare zuri'arka daga zargin da ba su san kansa ba.

Wassalam.

Iddirisu, Sakasaka.