Kifin Baba na Bana

Zuwa ga Yaya Eilif,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya da kai da Ragna da yara, ya kuma sauƙaƙa maka ciwon bayan nan. Mu a Tromso lafiya lau, sai dai Steinar maigidana da ya bar sigari, ya koma yi wa kowa faɗa.

Na je ƙauye wurin Baba, kuma ban dawo da daɗin rai ba. Teku ta yi ta jijjiga jirgi kamar za ta kifar da mu, na sauka ina jiri, iskar arewa ta tare ni a bakin gaɓa yadda ka san ta. Makarantarmu an toshe tagoginta da katako. Gidajen da hayaƙi ke tashi ba su cika yatsun hannu biyu ba. Baba ya rame, rigar ulun da marigayiya Mama ta saƙa masa tana lilo a jikinsa. Ya rungume ni, ya kira ni da sunan Mama, sannan ya gyara.

Gwaggo Magnhild ce ta ja ni kicin ta faɗa mini abin da ya faru. Bana Baba bai shanya kifi da sauran mutane lokacin sanyi ba. Sai da ƙanƙara ta narke, ƙudaje suka fito, ya tashi wata safiya ya ɗaure kifinsa bibbiyu a wutsiya ya rataye a kan sanduna, yana mitar cewa ƙauyen nan ya cika da malalata. Ka tuna shi ne fa mutumin da ke shinshina iska ya faɗi ranar shanya? Ba wanda ya iya faɗa masa lokaci ya wuce. Kafin a ankara tsutsa ta cinye kifin tas. Sai Kawu Jentoft, wanda suka yi shekara da shekaru shi da Baba suna gardamar wanda ya fi iya sana'a, ya jira Baba ya tafi asibiti awon jini, ya kwashe ruɓaɓɓen ya zuba a teku, ya rataye nasa busasshen a wurin. Gwaggo ta roƙe ni in yi shiru, na yi.

Ana gobe zan taho, Baba ya ce mu je mu zaɓo naka na bana, tunda a cewarsa a can Kanada inda kake ba su san kifi ba. Ya sauko da guda biyu, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya yaba. Har na fara samun natsuwa sai yatsansa ya tsaya a kan igiyar wutsiya. Ya daɗe yana murza ƙullin. Can ya ce, "Wannan ɗaurin Jentoft ne. Tsohon banza, har yau bai iya ba." Na so in yi dariya, sai na ga shi ba wasa yake ba. Bai tambayi inda nasa ya tafi ba. Ya zauna a kan dutse yana kallon ruwa, ya tambaye ni ko gaskiya ne gidan tsofaffi na Tromso yana da taga mai kallon teku. Shi da ya rantse gawarsa ce kawai za ta bar ƙauyen nan! Wallahi da ya zage ni ya fi mini sauƙi.

Ban ba shi amsa ba, domin ba ni kaɗai ya haifa ba, kuma na gaji da yanke shawara ni kaɗai kana can kana aiko da hotuna. Ka gaishe mini da Ragna, da Sindre, da ƙaramar Maren. Gwaggo Magnhild da Kawu Jentoft suna gaishe ka. Kifin yana hanya, ka ci ka yi godiya, amma ka san ba na Baba ba ne. Kada ka jira hutun baɗi, Yaya. Yau ya gane ƙullin Jentoft, ban san ko gobe zai gane fuskarka ba.

Ƙanwarka,
Torunn